Jinjimin Bama da Fadamar Gana

A Tsamiya Kwance, wani ƙauye a bakin kogi tsakanin Haɗeja da Auyo, an yi wani mutum wai shi Haladu Bama, wanda ya ƙarar da rabin rayuwarsa yana gaba da tsuntsu. Da shaho ne mai ɗauke 'yan tsaki, ko jan-baki mai cinye shinkafa a tsaye, da sai a ce yana da hujja. To, jinjimi ne, farin tsuntsun nan mai sanƙon baƙin kai da dogon baki lanƙwasasshe kamar lauje, wanda ba ya cin hatsin kowa. Iyakarsa ya wuni yana caccakar taɓo, yana neman kwaɗi da tana.

Sunan Bama ya samo shi ne a babban yaƙin Turawa. Yana saurayi aka kwashe su zuwa Kano, daga nan sai Ikko, aka zuba su a jirgin ruwa har ƙasar Bama. Aikinsa a can dako ne, akwatin harsashi a ka, daga wannan dutse zuwa wancan. Ko igiyar muƙami ɗaya ba a ɗaura masa a hannu ba, amma da ya dawo sai ya ce a riƙa kiransa Kofur. Mutane suka riƙa kira, don sun ga abin nishaɗi ya samu. Ya dawo da tsohuwar rigar soja, da tari mai tashi duk damina, da kuma raini. Rainin ya fi sauran kayan yawa.

Ba abin da ya yi masa a ƙasar Haɗeja. Kogin kwata ce, kifin ƙaya ne zalla, mutanen kuwa ba su taɓa zuwa ko'ina ba. Amma inda bakinsa ya fi kaifi shi ne kan jinjimi. Da yamma in an zauna gindin tsamiya, garken tsuntsayen suka gifta za su kwana, sai ya nuna su da haɓa.

"Ku dubi naku," in ji shi. "Kai baƙi, wuya baƙi, baki lanƙwashe, duk ɗaya suke da na Bama, ban musa ba. Amma ku dubi gindinsa. Baƙi ƙirin, kamar wanda ya zauna a kan tukunya. Ku dubi bakin fukafukansa, an bi shi da dauɗa tun daga nan har can. Na Bama fiffikensa fari ne tas har ƙarshe, gashin bayansa ruwan toka, a gyare. Naku ranar kasuwa yana bayan mahauta suna rabon tumbi da ungulu. Na Bama ba ka ganinsa sai a cikin shinkafa, yana takawa a natse. Ai ƙasa ma dubawa ake yi kafin a ba ta tsuntsu."

In za a yi masa adalci, maganar gashin nan mai yiwuwa gaskiya ce, don tsawon shekaru bai taɓa sauya ta ba. Sauran kuwa ƙari ne. Duk sanin da ya yi wa jinjimin Bama na safiya ɗaya ne. Suna tafe a layi a gefen wani kwari, kaya a ka, ya waiga ya ga mata a duƙe cikin ruwa iya idon sawu, suna dasa 'ya'yan shinkafa a jere, fararen tsuntsaye na yawo a tsakaninsu. Abin ya ba shi sha'awa ƙwarai, ya tuna gida har idonsa ya kawo ruwa. Bai sauke kayansa ba, bai tambayi kowa ba, da ma ba ya jin harshensu. Daga wannan waiwaye ɗaya ya yanke hukunci biyu: shinkafa dasa ta ake yi, kuma lokacin dashe shi ne ranar da jinjimi ya sauka a gona.

Bayan yaƙi ya daɗe yana gadin wani sito na gyaɗa a garin Malam Madori, inda ba wanda hukuncin nasa zai cuta. A nan ya auri Hajo, 'yar masunta daga Auyo, mace mai ƙarancin magana da yawan aiki. A shekarar da aka sami mulkin kai mahaifinsa Malam Gana ya rasu, Haladu ya kwaso iyalinsa ya dawo ƙauye, fadamar gidansu ta faɗo hannunsa.

Fadamar Gana ba ta da wani girma, amma ko maƙiyi ya san ta fi ta kowa a wannan ɓangare. Baƙar ƙasa ce mai danƙo, ruwa na shigarta ya daɗe bai fita ba. Malam Gana ya ci da gida da ita, ya yi zakka, ya aurar da 'ya'ya. Sai dai fadama a Tsamiya Kwance ba kamar gonar tudu ba ce. Ta gari ce, a hannun Bulama mai garin take. Gida yana riƙe da ita muddin yana fitar da abinci daga cikinta, in ya kasa, akwai masu jira.

Yadda ake noman shinkafa a nan kuma ba wani asiri ba ne. Ruwan sama na fari ya jiƙa ƙasa, a yi kaftu, a yafa iri. Shinkafa ta tsiro ta yi ƙarfi. Can tsakiyar damina kogi ya kawo, ya malalo fadama, ya tarar ta kafa saiwa. Yana hawa tana hawa, har ya kai ƙirjin mutum ita tana bisa kansa. Wanda ya makara, ruwa ya tarar da tasa jaririya, ya shanye ta. Jinjimi kuwa tare da goshin ruwan yake zuwa, don ruwa na koro gyare da kwaɗi daga ramukansu. Duk wanda aka haifa a bakin kogin nan ya san in ka ga jinjimi a fadamarka, aiki ya ƙare, ka saɓa fartanya ka hau tudu. Haladu kaɗai ne yake ganin lokacin ne aiki ya fara.

Daminarsa ta fari, da maƙwabta suka fita yafi, ya tsaya a kan iyaka hannuwa a baya yana kallonsu.

"Watsa abinci a ƙasa kamar ana ba kaji," in ji shi. "Bana za ku ga noma."

Ya ware wani lungu a gefen tudu ya yi renon iri, ya bar sauran fadamar fili fetal. Hajo ta ce masa sau ɗaya, "Malam, Baba ba haka yake yi ba." Ya ce Baba bai je Bama ba.

Ranar da jinjimi suka sauka, ya sa rigar soja, ya ja igiya, ya shiga dashe a jere, shi da Hajo da ɗansu Bakari. Gaskiya layukan sun yi kyau. Har daga ƙauyukan gaba an zo kallo, Haladu na ta kumbura yana bayani. Kafin Juma'a ta zagayo ruwa ya kai gwiwa, kafin ta biyu ya kai ƙugu. Aka riƙa wucewa da kwalekwale ta kan layukan, ba ko ganye ɗaya a sama. Ya tsaya a tudu ya daɗe yana kallon ruwan, ransa a ɓace, kunya na cin sa. Da ya juyo ya ga mutane, sai ya ce laifin tsuntsun ne. Jinjimin kirki yana sauka da wuri. Wannan malalacin ya tsaya cin tumbi ne a Haɗeja har lokaci ya wuce.

Wata shekarar ya tuna cewa gonakin Bama suna da 'yar ganuwa ta ƙasa kewaye da su. Ya yi rani guda yana tara taɓo, ya kewaye fadamar da ganuwa iya gwiwa, wai zai tsare kogin Haɗeja. Kogin bai ma san an yi ba. Wata shekarar ya ce irin ne ba shi da asali. Wata kuma ya yi fushi ya ƙi noman gaba ɗaya, ya zauna gindin tsamiya yana gyara wa masu shinkafa kuskurensu.

Abin da ya ƙarasa lalata shi sa'a ce. An yi wata damina da kogi ya zo da rauni, ruwa bai kai gefen tudun fadamar da zurfi ba, layuka kaɗan na can sama suka tsira suka yi zangarniya. Abin da ya girba bai fi dammuna 'yan kaɗan ba, ba zai kai gida ko wata biyu ba. Amma ya hana a sussuke ɗaya daga ciki, ya rataye shi a zaure, duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa. Da dammin nan ya yi ta rufe bakin mutane shekara da shekaru, har ɓeraye suka gama da shi.

Gidan kuwa Hajo ce ta riƙe shi. Ana kawo mata shanshera, wato shinkafar da ba a surfe ba, daga gidajen mutane, ta turara, ta shanya, ta surfe, a ɗebar mata ladan aikinta. Hannuwanta suka yi kanta, hayaƙi ya rage mata gani. Matar mai fadamar da ta fi ta kowa, ga ta tana ci daga gefen turmin wasu. Haladu yana cin tuwon, yana kuma faɗin yadda shinkafar Bama take da tsawo da fari. Bakari da ya kawo ƙarfi ya roƙi a bar masa ko rabin fadamar ya yafa. Uban ya ce ba a gonarsa za a yi noman jahilci ba. Yaron ya hau mota ya tafi Kano aikin gini, sai dai a ji saƙon gaisuwa.

Maƙwabta ma abin ya fara isarsu. Fadamar da ba shinkafa a cikinta ba ta zama haka kawai. Ciyawar roba ta cika ta, tana zubar da 'ya'ya, ruwa na kwasa yana raba wa gonakin gefe. Wanda ya fi shan wahala Ɗan'auta ne, mai iyaka da shi ta gabas, wani gajere mai barkwanci wanda ba ya iya ganin abin tsokana ya wuce. Ya sha kai ƙara wurin Bulama. Bulama kuwa abokin Malam Gana ne tun suna yara, yana jin nauyin kabarinsa, sai ya yi ta cewa a ƙara haƙuri.

Sai aka shiga shekarun fari. Gero ya ƙone a tudu, shanu suka mutu, kogin ma da ƙyar ya leƙo fadama. Mutane suka gangaro daga arewa da 'yan ƙullin kayansu suna neman inda ƙasa ke da danshi. A cikinsu akwai wani Kolo, Bamange daga wajen Nguru, da matarsa Yakaka da 'ya'ya rututu. Ya yi ƙodago a gonar kowa, bai taɓa ɗaga murya ba, duk Juma'a kuma yana zuwa gaida Bulama ya tuna masa cewa yana neman wurin noma. Ga kuma labari ana ta yi cewa ana gina wata babbar madatsar ruwa can sama wajen Kano, ba wanda ya san abin da zai rage wa na ƙasa. Taƙin fadama ya zama abin da ake kwana da shi a rai. Haƙurin da ake yi da Haladu ya ƙare.

Bulama ya aika aka kira shi gab da faɗuwar damina. Ya zo da rigar soja, ya zauna a gefen tabarma.

"Haladu, ɗan Gana," in ji Bulama, "na kare ka har na gaji. Mutane na kwana da yunwa, kai kana noman roba a fadamar da ta fi kowace. Bana ka yafa iri yadda ubanka yake yi. In kaka ta yi ba shinkafa a wurin nan, zan ba Kolo. Na faɗa maka a gaban mutane don kada ka ce ba ka ji ba."

"Ranka ya daɗe, a Bama..."

"Ban kira ka zancen Bama ba. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Ya ji ɗin kuwa. Ya kama hanyar gida. Duk rainin da yake yi wa ƙasar nan, bai taɓa kawowa a ransa cewa wani zai tsaya a fadamar Gana ya ce tasa ce ba. A nan ya koyi tafiya, a nan uban ya ɗora shi a wuya suka ratsa ruwa. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba tun yaƙi.

Iri ma ba shi da shi. Hajo ce ta shiga ɗaki ta jawo wata tukunya daga ƙarƙashin gado, cike da jar shanshera. Tun kaka take tsame ta daga ladan surfe, a shekarar da ita kanta ba ta ƙoshi ba.

"Malam, ga iri," ta ce. "Shi ke nan abin da ke gidan nan. Don Allah ka yafa."

Ya karɓa.

Da ruwan shuka ya sauka, ya yi kaftu kamar kowa. Safiyar yafi ya fito ba rigar soja, ƙwarya a hannun hagu, ya tsaya a bakin fadamar. Maƙwabta duk suna nasu aikin, amma kowa da rabin ido a kansa. Ya sa hannu a ƙwarya ya damƙo iri. Hannun bai manta ba, tun yana yaro ya iya. Saura kawai ya watsa.

Ɗan'auta ya ɗago daga gonarsa, ya share gumi. Ba da mugunta ya yi ba, bakinsa ne ba ya kulluwa.

"A'a, Kofur, barka da fitowa. Ashe dai mai baƙin gindin ya kayar da na Bama."

Aka yi dariya, ba ma mai yawa ba. Wani dattijo ya ce wa Ɗan'auta ya yi wa mutane shiru. Da Haladu ya yi murmushi ya watsa irin nan, da kafin azahar an manta. Amma sai ya tsaya, hannu a dunƙule, wuyansa ya sanƙare. Ya dubi mutanen nan da bai taɓa ɗauka a bakin komai ba, ya ga haƙoransu a waje. Ya buɗe hannu a hankali, irin ya koma cikin ƙwarya.

"Tsuntsun da ke bin mahauta ba zai koya mini noma ba," in ji shi. "Balle masu kama da shi."

Ya juya ya nufi lungun tudu, ya zazzage irin Hajo kaf a wurin reno. Hajo tana tsakar gida labari ya iske ta. Ta ajiye taɓarya ta zauna a kan turmi, can ta tashi ta ci gaba da surfen mutane.

Sauran ba sai an faɗa da tsawo ba. Ya jira jinjimi, jinjimi suka sauka, ya ja igiya ya dasa shi kaɗai, don wannan karon Hajo ba ta fito ba. A ransa yana fata kogin ya zo da rauni kamar shekarun baya. Kogin ya zo da ƙarfinsa, kamar mai biyan bashin fari. Tsuntsayen suka yi kiwonsu a tsakanin layukansa, ruwa ya kai musu ciki, suka tashi suka koma gaba. Da kaka ta yi, kowa na yanka da lauje, fadamar Gana roba ce kore shar daga iyaka zuwa iyaka.

Bulama bai yi dogon zance ba. Ya taka da kansa har wurin, da sanda, ya nuna wa Kolo iyakoki. Haladu bai je ba. Yana gindin tsamiya yana gaya wa wanda ya tsaya saurare cewa da ma fadamar ta gaji, kuma a ƙasar da aka san darajar soja ba za a yi haka ba. Masu sauraren ba su da yawa. Tsokanar ma an daina, don ba daɗi a tsokani wanda ya riga ya faɗi.

Kolo da 'ya'yansa suka yi rani suna tumɓuke roba suna ƙonawa. Damina ta zo ya yafa, kogi ya kawo, shinkafa ta hau. Da kaka sai ga fadamar ta yi jawur, zangarniya ta sunkuya, yadda tsofaffi suka ce rabonsu da gani tun Malam Gana na da rai. Haladu ya daina bin hanyar. In zai je kasuwa sai ya zaga ta bayan maƙabarta, ko da ya fi nisa.

Bayan an gama sussuka Kolo ya yi sallama a ƙofar gidan, da buhu a ka. Ya sauke a zaure, ya durƙusa.

"Baba, ga ɗan abin da aka samu a gonar Malam Gana. Na ce bai kamata a ci ba a kawo gidansa ba."

Haladu ya dubi buhun, ya dubi bango, ya ce an gode. Ko hannu bai miƙa masa ba.

Hajo ta turara, ta surfe, wannan karon ba ladan kowa. Ta tuƙa tuwo da miyar kuka da busasshen kifi, ta kawo masa a akushi da la'asar, ta zauna nesa kaɗan tana tsince tsakuwa a faifai. Ya yi loma ɗaya ya tsaya. Ɗanɗanon da ya tashi da shi ne, na baƙar ƙasar nan, wanda rabonsa da shi tun uban na da rai. Baƙin ciki ya taso masa har ido. Ya san abin da ya yi, ya san kuma matar da ke zaune can ta sani. Kalma ɗaya ta ishe shi, kuma tana bakinsa. Ya haɗiye, ya ƙara loma, ya gyara murya.

"Ba laifi," in ji shi. "Amma ta Bama ta fi ta fari."

Hajo ta ajiye faifai. Ta taso ba gaggawa, ta sunkuya ta ɗauke akushin daga gabansa, hannunsa na ciki, ta rufe da murfi.

"To, Malam, sai ka jira ta Bama," ta ce.

Ta wuce da tuwon ɗakinta ta saki labule. Ya zauna a tsakar gida da miya a yatsu, ba wanda ya kawo masa ruwan wanke hannu.